Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kalmomin Ingilishi Masu Tarayya A Haruffa Da Karatun 'Ya'yanmu



Wani salon karatu ya shigo gidajenmu a 'yan shekarun nan, ya samu wurin zama ba tare da kowa ya tambaye shi daga ina ya fito ba. Jerin kalmomin Ingilishi ne da aka tara wuri guda saboda sun yi tarayya a wasu haruffa: ga waɗanda suka ƙare da “ight”, ga masu “ough” a cikinsu, ga masu haruffa biyar da suka fara da kaza suka ƙare da kaza. Suna yawo a wayoyin yara, suna cikin ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a bakin hanya, malaman darasin yamma kuma suna rubuta su a allo su ce a haddace kafin gobe. Yaro ya dawo gida ya zubo kalma talatin ba tuntuɓe, uwa ta ji daɗi, uba ya ƙara kuɗin darasi. Mu kuwa da aiki ya haɗa mu da takardun jama'a, wato wasiƙu da yarjejeniyar haya da takardun kaya, mun ga iyakar inda wannan karatu yake kai mai shi. Shi ya sa muka ga ya wajaba mu yi magana tun icce yana ɗanye.

Babu mai hankalin da zai hana ɗansa Ingilishi a garin nan. Daga Kwatano zuwa iyakar Seme bai kai kilomita 40 ba, kuma daga ka tsallaka, harshen ofis ya canza. Takardun jirgin ruwa da ke rako kaya daga Sin da Dubai da Indiya galibinsu da Ingilishi ake cika su. Maƙwabciyarmu Togo, wadda Faransanci ne harshen mulkinta kamar mu, ta shiga ƙungiyar Commonwealth a shekarar 2022. Nijar, inda da yawanmu muke da dangi da abokan ciniki, ta ayyana a watan Maris na 2025 cewa Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Sannan tun watan Janairun 2024, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri na Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya nuna yadda ya samu digiri cikin makonni shida, duk yaron da ya tsallaka iyaka da takardar Kwatano ya san bakinsa da alƙalaminsa ne za su wanke shi. Saboda haka batun koyon Ingilishi an gama shi. Abin da ya rage shi ne yadda za a koya, kuma ra'ayinmu shi ne jerin nan na haruffa yana cinye lokacin yara da kuɗin iyaye, yana ba su kamannin sani alhali sanin bai zauna ba.

Akwai dalilin da ya sa mu musamman muka yi saurin amincewa da shi, kuma dalilin mai daraja ne. Duk wanda ya zauna gaban malam a zaure ya ɗauki sarfu ya tashi da yaƙinin cewa haruffa dangi ne, kuma kalmomin da suka haɗa haruffa sun haɗa jini. Kaf da ta da ba su ne suka haifi kataba da kitab da katib da maktab da maktub, duk suna kewaya rubutu. Jim da nun biyu suna ɗauke da ma'anar rufewa: janna lambu ne da itatuwa suka lulluɓe, jinn halitta ce da aka ɓoye wa ido, janin ɗan tayi ne a ɓoye cikin mahaifa, majnun wanda aka rufe wa hankali, junna kuwa garkuwa. Aljanna da aljani da muke faɗi kullum a Hausa daga gida ɗaya suka fito. Khalil ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na biyu na Hijira, ya gina Kitabul Aini a kan jujjuya haruffan asali. Ibnu Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 ta Hijira, ya bi asali bayan asali a Maƙayisul Luga yana nuna ma'anar da ta ɗaure 'ya'yan kowane. A ƙasarmu ma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana Hisnur Rasin a wannan fanni. Hausa kanta haka take tafiya: ɗinka, ɗinki, maɗinki, ɗinkakke, auna, awo, ma'auni. To, uban da ya tashi a wannan tarbiyya, in ya ga ɗansa da jerin kalmomi masu kama da juna, zuciyarsa za ta gaya masa cewa yaron sarfun Ingilishi yake ɗauka.

Ba sarfu yake ɗauka ba. Ingilishi harshe ne da aka yi wa gini bisa gini. Ƙasansa maganar ƙabilun Jamusawa ce da suka ƙetara teku suka zauna a tsibirin. Mutanen arewacin Turai suka zo da yaƙi suka bar nasu kalmomin. A shekarar 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila, Faransanci ya zama harshen fada da kotu shekaru aru-aru. Daga baya malamai suka kwaso Latin da Girkanci suka zuba a kai. Shi ya sa dabbar da manomi yake kiwo sunanta “sheep”, amma namanta a akushin basarake “mutton”, wanda kowane ɗan makarantar Benin zai gane “mouton” ne. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa a daidai zamanin da furucin wasula yake sauyawa a bakin mutane. Harshe ya ci gaba da tafiya, alƙalami ya tsaya inda yake. Sakamakon shi ne haruffa 26 suna ɗaukar nauyin sautuka kusan 44, kuma haɗuwar kalmomi biyu a haruffa sau da yawa haɗuwar matafiya ce a tasha ɗaya, kowa da garin da ya fito da inda za shi.

A ɗauki jerin “ough” da yara suka fi alfahari da shi. “Through” ratsawa ce, ana furta ƙarshenta kamar “uu”. “Though” tana nufin ko da yake, ƙarshenta kamar “o”. “Tough” abu ne mai tauri, ƙarshenta “af”. “Cough” tari ne, ƙarshenta “of”. “Plough” garma ce ta shanu, ƙarshenta “au”. “Thought” tunani ne, da nata furucin daban. Kalmomi shida, haruffa huɗu iri ɗaya, ba biyu da suka dace a furuci, ba biyu da suka dace a ma'ana. Wannan “gh” a da can sauti ne na maƙogwaro mai kama da harafin kha na Larabci, ya mutu a baki ya bar gawarsa a takarda. Yaron da ya haddace su a jere bai samu mabuɗin komai ba. Abin da ya samu shi ne kalmomi shida da za su riƙa shiga rigar juna a kansa ranar da ya buƙaci ɗaya daga ciki. Haka jerin “ear”: kunne da “bear” da “heart” da “learn” da “year”, wato dabbar daji da zuciya da koyo da shekara. Wace dangantaka ce tsakanin zuciya da shekara in ban da tawada?

Wasu haruffan ma da gangan aka cusa su. “Debt”, wato bashi, ta shigo daga Faransanci ba ta da “b”, kamar yadda “dette” take har yau. Malamai ne suka saka mata harafin don tunawa da asalinta na Latin, kuma ba wanda yake furta shi. “P” ɗin da ke cikin “receipt”, wadda muka mayar rasit, shi ma haka. Wanda ya tara “debt” da wasu kalmomi don suna da “b” ya tara su ne a kan harafin da masu harshen kansu ba sa jin sa.

Mai son ya ga iyakar abin da haddar haruffa take iya yi, ya dubi wasan Scrabble, wanda ake bugawa sosai a ƙasar nan. A shekarar 2015 wani mutumin New Zealand mai suna Nigel Richards ya lashe gasar duniya ta Scrabble ɗin Faransanci a ƙasar Beljiyam, ya doke ɗan Gabon a wasan ƙarshe, alhali ba ya jin Faransanci. Ƙamus ɗin wasan ya haddace cikin kimanin makonni tara. A shekarar nan dai Wellington Jighere na Najeriya ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci gasar duniya ta Ingilishi, a birnin Perth na Ostireliya. Duka biyun gwanaye ne, kuma ba mu raina baiwarsu ba. Amma labarin na farko hujja ce da ba ta buƙatar ƙari: mutum yana iya riƙe dubban kalmomi da haruffansu ya fi masu harshen, amma a ajiye shi a Dantokpa ba zai iya taya tumatir da harshen ba. Jerin haruffa kayan wasa ne, an yi shi don masu wasa, kuma a wurinsa yana da kyau. Kuskuren shi ne ɗauko shi daga teburin wasa a mai da shi manhajar yaron da gobe zai karanta takardar kwantenar ubansa.

Ga 'ya'yan Zongo kuma akwai rami na biyu da yaron Kano ko Zariya bai san da shi ba. Namu da Faransanci suka fara boko. Idan suka haɗu da Ingilishi a ajin farko na kwaleji, sai su tarar da ɗaruruwan kalmomi da suka saba gani, harafi da harafi, su ɗauka tsofaffin abokai ne. Wasu abin dariya ne: “pain” a nan burodi, a can ciwo, “coin” a nan lungu, a can kwabo, “sale” a nan ƙazanta, a can sayarwa, “bride” a nan linzamin doki, a can amarya. Waɗannan ba su cika cutarwa ba, domin nisan ma'anar yana tona su da wuri. Masu cutarwa su ne waɗanda suka yi kusa, kuma mafi yawansu a harkar kuɗi suke zaune.

Duk mai haya a Kwatano ya san “caution”, kuɗin ajiya da mai gida yake karɓa kafin ya miƙa mabuɗi. A Ingilishi kalmar gargaɗi ce, a yi hattara. “Location” a nan haya, a can wuri. “Délai” wa'adi ne da aka ba ka, “delay” jinkiri ne da ka jawo. “Billion” na Ingilishi shi ne “milliard” na Faransanci, “billion” na Faransanci kuwa ya ninka shi sau dubu. Sai a auna abin da zai faru idan ɗan kasuwa ya sa ɗansa ya rubuta wa abokin cinikinsa na Legas. Uban ya ce a roƙi mutumin ya aiko da takarda. Yaron ya tuna “demander” ya rubuta “demand”, roƙo ya koma umarni mai gatsali. Uban ya ce wataƙila za mu ƙara biya. Yaron ya tuna “éventuellement” ya rubuta “eventually”, wataƙila ta koma alkawarin cewa ko ba daɗe ko ba jima za a biya. Uban ya ce a gaya masa ba mu ji daɗin kayan ba. Yaron ya tuna “déception” ya rubuta “deception”, sai ga shi an kira mutumin kirki mayaudari a rubuce. Mun sha ganin hulɗar shekaru ta yi tsami a kan irin wannan, har sai dattawa sun zauna sun warware abin da babu wanda ya yi niyyar faɗinsa. Mu mutane ne da kakanninmu suka bi hanyar goro daga Kano ta Nikki da Jugu zuwa Gwanja ba da wani jari da ya wuce amana da iya magana ba. Kalma ɗaya da ta kauce tana iya rushe abin da uba ya gina da gemunsa.

Za a ce mana: ai hadda gadonmu ce. Yaro yana haddace Alƙur'ani tun bai san fassarar aya ɗaya ba, kuma ba wanda ya ce ɓata lokaci ne. Za a ƙara da cewa jerin nan yana gyara rubutu, yana taimakon yaro a jarrabawar BEPC da BAC. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, ba za mu ture ta ba. Jeri irin na “light” da “night” da “right” da “fight”, inda haruffa da furuci suka tafi tare, yana saita hannun mai koyo, kuma malamai a ƙasashen masu harshen suna amfani da shi ga ƙananan yara. Sai dai a lura, yaransu sun riga sun san ma'anar kalmomin tun a goye. Rubutun kawai ake koya musu. Namu kuwa ba ma'anar, ba furucin, ba rubutun, sai aka ba su na ukun aka ce sun gama. Game da hadda kuma, Alƙur'ani lafazinsa ibada ne, ana samun lada da karanta shi ko ba a fahimta ba, kuma duk da haka magabatanmu ba su tsaya nan ba, sun ɗora wa almajiri luga da nahawu da tafsiri. Kalmar Ingilishi ba ta da ladan tilawa. Amfaninta ɗaya ne, a fahimce ka ka fahimci wani.

Hasali ma malamanmu sun riga kowa tara kalmomi masu haruffa ɗaya. Ƙuɗrubu, almajirin Sibawaihi, wanda ya rasu a shekara ta 206 ta Hijira, ya shahara da Musallasat, inda ake kawo kalma uku masu baƙaƙe ɗaya, wasali kaɗai ya raba su. Amma manufar wannan fanni gargaɗi ce. Ana jera kalmomin ne don a ce wa ɗalibi: kula, waɗannan sun yi kama amma kowace da ma'anarta, ga ta. Almajirin allo ya san ɗigo ɗaya ne tsakanin rahim da rajim, kuma ya san nisan da ke tsakanin ma'anoninsu ya fi na sama da ƙasa. Jerin da ke yawo a wayoyin yaranmu ya ɗauki siffar wannan fanni ya yar da ruhinsa.

To, ina dangantakar gaskiya take a Ingilishi? Tana nan, sai dai ba a saman kalma take ba, a saiwarta take, kuma a nan ne tarbiyyarmu ta sarfu za ta yi mana rana idan muka dasa ta a inda ya dace. Mu tsaya a bakin tashar jirgin ruwa, inda rabin Zongo yake samun abinci. “Import” shigo da kaya, “export” fitar da shi, “transport” ɗaukarsa daga wuri zuwa wuri, “porter” ɗan dako, “portable” abin da ake iya ɗauka, wadda a nan muka sani a matsayin sunan wayar hannu. Duk daga saiwar Latin guda mai nufin ɗauka suka tsiro, ɗafa-goshin ne yake juya ma'anar: ciki, waje, ƙetare. Wannan shi ne jerin da ya cancanci allo, domin wanda ya riƙe saiwar zai iya buɗe kalmar da bai taɓa gani ba. Amma “portrait”, hoton fuskar mutum, ko da yake ta fara da haruffan nan huɗu, ba 'yar gidan ba ce. Jerin haruffa zai saka ta a ciki. Mai sanin saiwa zai fitar da ita.

Haka ɗafa-ƙeya. A takardar jirgi akwai “consignor” da “consignee”. Haruffa bakwai na farko ɗaya ne, amma na farko shi ne mai aiko da kaya, na biyu wanda aka aiko wa, wato wanda zai iya fitar da su. Kamar fa'ili da maf'uli ne a nahawu, kuma ƙa'idar tana maimaituwa: “employer” mai ɗaukar aiki, “employee” wanda aka ɗauka, “payer” mai biya, “payee” wanda za a biya. Yaron da aka koya wa wannan a darasi ɗaya ya fi wanda ya haddace kalma ɗari masu “ough” amfani ga gidansu. Harafi ɗaya ne kuma ya raba “owe” da “own”, ana bin ka bashi da ka mallaka. Ya raba “custom” da “customs”, al'ada da kwastan, waɗanda mu a nan muke ce wa duwan. Irin waɗannan ne ya kamata a jera su biyu-biyu a kan tafarkin Ƙuɗrubu, don a nuna bambancinsu.

Akwai ma wata taska da yaron Zongo yake zaune a kanta bai sani ba. “Magasin” da muke ajiye kaya a ciki da “magazine” ta Ingilishi, mujalla, duka daga makhazin na Larabci suke, wato rumbuna. Mujalla rumbun labarai ce. “Tariff” daga ta'arif, sanarwa. “Douane” daga diwan. “Sugar” da “sucre” da sukarinmu daga sukkar, “cotton” da “coton” daga ƙuɗun. A ƙofar kowace kwantena an rubuta “tare”, wato nauyin kwantenar ba kaya, wanda ake cirewa daga jimla. Asalinta daga ɗaraha ne, jefarwa. Wanda ya haɗa Larabcin zaure da Faransancin lakwal ya riga ya riƙe mabuɗai biyu na ƙamus ɗin Ingilishi. Yaron Landan ba shi da su. Abin takaici ne mu bar wannan gado mu koma ƙirga haruffa.

Kalmar “tare” ta kawo mu gida, domin Bahaushe in ya gan ta zai karanta ta da ma'anar haɗuwa. Haka “wake” da “rake” da “dare” da “fate”: a wurinmu abinci ne da abin sha da lokacin barci da abin da ake tuƙawa da tsaki da ganye, a wurinsu farkawa ce da manjagara da ƙuru da ƙaddara. “Alkali” a Ingilishi sinadari ne irin na toka da kanwa, namu alƙalin kuwa daga alƙadi ya fito. Ba sai mun je Ingila ba kafin mu san cewa haruffa ba sa riƙe ma'ana su kaɗai. Harshenmu ya fi kowa koyar da wannan. Gari na zama da gari na tuwo, kuka ta miya da kuka na hawaye, wuya ta jiki da wuya ta rayuwa, fari na launi da fari na rashin ruwa, duk rubutu ɗaya ne, karin sauti da tsawon wasali da zaman kalma a jimla ne suke raba su. Saboda haka ne Bargery, a ƙamus ɗinsa na 1934, ya ɗauki wahalar nuna karin sautin kalmomi. Lanƙwasa ɗaya a kan harafi ita ta raba baki da baƙi, kare da ƙare, daki da ɗaki. Yaron da ya san wannan a harshen uwarsa ba zai yi mamakin “through” da “though” ba.

A nan ne babbar damuwarmu take. Da yawa daga yaran da ake ba jerin nan, ma'anar da aka rubuta a gefen kowace kalma da Faransanci take. Yaro ya fassara baƙon harshe da wani baƙon harshe, ma'anar ba ta taɓa sauka a harshen da yake mafarki da shi ba. Ka tambaye shi “trust”, ya ce “confiance”. Ka ce to da Hausa fa, ya yi shiru, alhali amana da yarda da aminci suna nan kowace da gurbinta. Mu tsiraru ne a garin nan. A titi Fon ake yi da Yarbanci da Gun, a makaranta Faransanci, a waya Ingilishi. Idan Hausa ta zama harshen aike da faɗan uwa kawai, ba a tunani da ita, ba a auna ma'ana da ita, to jikokinmu za su gaji sunan Zongo ba tare da harshen da ya raɗa masa suna ba. Darasin Ingilishi, in an yi shi da kyau, dama ce ta ƙarfafa Hausa, domin duk kalmar da yaro ya nemo wa takwara a harshensa ya koyi kalma biyu.

Abin da muke roƙo ba mai tsada ba ne. Ga malaman darasin yamma, Allah ya saka muku, mun san ƙoƙarinku da ƙarancin abin da ake ba ku. Ku rage yawa ku ƙara zurfi. Kalma biyar a rana, kowace da furucinta, da ma'anarta da Hausa, da jimlar da yaro ya ƙirƙira da kansa daga rayuwar gidansu, sun fi talatin da za a zubar ranar Asabar a manta ranar Litinin. In za ku tara kalmomi, ku tara su a kan saiwa ɗaya, ko a kan aiki ɗaya kamar kalmomin tasha da na asibiti da na banki, ko kuwa ku tara masu ruɗarwa don ku raba su. Ku ware shafi na musamman ga kalmomin da Faransanci da Ingilishi suka yi tarayya a rubutu suka saɓa a nufi, domin wannan ciwon namu ne, littafin da aka buga a Legas ko Landan ba zai yi maganinsa ba.

Ga iyaye, ba sai kun iya Ingilishi ba kafin ku gwada ɗanku. Idan ya zubo jerinsa, ku tsayar da shi a kalma ɗaya ku ce: faɗa mini da Hausa, kuma a wane hali zan faɗe ta, ga wa? In ya amsa, kuɗinku bai faɗi ba. In ya kasa, kun san karatun aku ne, sai ku je ku zauna da malaminsa cikin mutunci. Kuma kada a sa yaro rubuta takardar kuɗi zuwa ƙetare sai wani babba mai harshen ya duba. Wannan ba raini ba ne gare shi, kariya ce ga sunan gidan.

Ga malamanmu na zaure da na islamiyya, ku ne kuke riƙe da ilimin da ake buƙata. Ku nuna wa almajirai cewa tambayar da suke yi wa kalmar Larabci, mene ne asalinta, mene ne ƙari a cikinta, wane aiki ƙarin ya yi, ita ce za su yi wa kalmar kowane harshe. Matasanmu da suka yi karatu a Abomey-Calavi ko a jami'o'in Najeriya kuma, ga aikin da zai zame muku sadaka mai gudana: ku zauna da dillalai da direbobi da masu fitar da kaya, ku tattara kalmomin da suke cin karo da su a takardu, ku rubuta su da Ingilishi da Faransanci da Hausa a ɗan littafi guda, a raba a masallatai da shaguna. Ko kalma ɗari uku ce, za ta tsare dukiya da mutunci fiye da duk jerin da ke cikin waya.

Kalmar ƙamus da muke faɗi daga sunan littafin Fairuzabadi ta samo asali, kuma ma'anarta ta farko teku ce. Mu da muke zaune a bakin teku mun san ba a sanin zurfinsa da kallon samansa. Allah ya buɗa wa 'ya'yanmu, ya ba su ilimi mai amfani, ya tsare mana harshenmu da amanarmu a wannan zango da muka sauka. Amin.